Ranar da Istifanus ya tuƙa tifa da babbar riga

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Istifanus ya shigo yadi, inda muke ajiye motoci, da babbar riga fara, ya ce in ba shi makullin tifa. Lokacin ni ne mai raba wa direbobi aiki a wani kamfanin gina hanya da ke wajen Yelwa, muna kai tsakuwa hanyar Ningi.

Bari in fara da ƙa'idarmu, don waɗanda ba su yi aikin ba. Na farko, mota ba ta wuni a yadi ranar aiki. Na biyu, direban da ke son hutu shi zai nemo wanda zai karɓe shi. Na uku, ofis ba ya shiga wannan ciniki. Direbobi Musulmi suna shirya nasu a gindin dogon yaro bayan sallar la'asar. Sauran kuwa suna shirya nasu ranar Juma'a da yamma, a wata rumfa da ake sayar da giya a bayan unguwa.

Istifanus Kirista ne, amma ba ya sha. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Da farko yakan je rumfar ya sayi lemo ya zauna. Sai aka sallami wani direba da aka kama ya sha a bakin aiki, mutanen rumfa suka ce shi ya kai rahoto. Hujjarsu ita ce wanda ya zauna da hankalinsa cikin masu sha, komai aka faɗa yana riƙe da shi. Ni na san ba shi ba ne, Injiniya, shugabanmu, da kansa ya ji warin. Na faɗa musu, ba wanda ya yarda.

Da bikin 'yarsa ya matso, ya koma rumfar neman mai karɓarsa. Ayuba, babbansu, ya ajiye masa kwalba ya ce, "Fasto, sha rabi kawai mu san kai namu ne, gobe ni zan ja motarka." Ya ce ba zai sha ba. Aka yi masa dariya ya fito.

Duk wannan sai da safen Asabar na ji. Na tafi wurin namu Musulmi, na sami Malam Sale, direban da ba shi da fita ranar. Na ce, "Malam Sale, ka taimaki bawan Allah nan, yau ake ɗaura auren 'yarsa a coci."

Ya ce, "Oga, 'yan'uwansa ma sun ƙi shi, ni ne zan so shi? Kuma wai ba ya sha! A ɗaki yake yi, ka taɓa ganin nasu da ba ya taɓawa?"

Na je wurin Injiniya. Ya ce ƙa'ida ni na fi kowa saninta, in mota ta tsaya a rubuta direba bai zo aiki ba. Ni kuma ba ni da lasin babbar mota. Na dawo na miƙa wa Istifanus makulli.

Ya naɗe hannun rigar a kafaɗa ya ce, "Ba komai, Oga. In na yi sauri zan samu."

Na ce, "Ban yarda ka yi gudu da lodi ba."

Bai yi gudun ba. Ya dawo bayan azahar, ƙura ta mai da rigar ja, an riga an tashi daga coci. Ƙaninsa ne ya miƙa yarinyar. Ya wanke fuska a famfon yadi, ya tari Keke ya tafi wurin cin abinci.

Ranar Litinin na roƙi Injiniya a mayar da neman mai karɓa hannun ofis. An yi wata biyu ana haka, direbobi suka yi ƙorafi, aka koma gidan jiya. Istifanus ya ci gaba da aiki, yana cin abincinsa shi kaɗai a cikin mota.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba tuƙinka ake fara dubawa ba, sai a ina kake zama da yamma. Ku da za ku raba aiki bayanmu, ku riƙa lura da wanda ba shi da benci a ko'ina. Shi ne ba zai zo ya gaya muku ba, sai dai ku gan shi da babbar riga yana neman makulli.