Adda Larai da maficinta a bakin gadon asibiti

Ranar da Adda Larai ta kwaɗa wa surukinta mafici a hannu, a idona aka yi. Mun je duba mijinta Malam Mika'ilu a asibiti, tana gyangyaɗi a bakin gado, sai ta ga hannu ya nufi inda aka sa masa allurar ƙarin ruwa. Ji kake fau! Ko da ta ɗago, ashe Baffa ne, mahaifin Malam ɗin, ya taso tun daga Miga zai yi masa tofi a wurin. Tsohon da ko sunansa ba ta faɗa, in ya shigo gida ɗaki take faɗawa.

Katanga ɗaya muke da ita a Yalwawa. A ruga aka haife ta, aure ya kawo ta gari, fura da nono take sayarwa. Tun can fitinanniya ce a kan tsafta. Ka taɓa mata ƙwarya ka gani, sai ta sake wankewa a gabanka, tana hararar ka.

To, a kwanciyar nan wurin allurar ya taɓa kumbura, zazzaɓi ya rufe Malam har ya daina gane mutane. Nas ta ce cuta ce ta bi ta nan ta shiga jini, in aka kuma ba lallai ya tashi ba. Kada a taɓa, kada a jiƙa, in filasta ta ɗaga a kira ta.

Shi ke nan aka ba mu aiki. Adda ta ajiye buta da sabulu a ƙofa, ko sannu ba ka gama ba sai ta nuna maka su. Wata mai man shanu ta zo za ta shafa masa a wurin, aka kore ta. Nas ɗin ma sai da aka tambaye ta ko ta wanke hannu. Ni da na kawo kunu, har ƙarƙashin farcena aka leƙa. Haba, jama'a!

Malam dai ya dawo gida da ƙafarsa. Baffa kuwa har yau bai huce ba.

Jiya na shiga gidanta na ce, "Adda, wai da wane ido za ki kalli surukinki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana dama fura. "Da ma can kallonsa nake? Gara ya zauna a Miga yana fushi da ya zauna a ƙofar gidan nan yana karɓar ta'aziyya. Ke kuma cire min hannu daga kan ludayi."