Ƙwayar da Baba Malam ya sayo

Leɓen 'yata ya fara yin shuɗi tun ba mu yi arba'in ba. In ta kama nono sai ta saki tana haki, ni kuma in miƙe, in zauna, in sake miƙewa, na rasa inda zan sa kaina. Daga asibitin Gwarzo aka tura mu Kano. Likita ya ce jini ne ke hawa a jijiyoyin huhunta. Ya rubuta magani, bai kuma ɓoye mana ba: ƙwayar ƙarfin maza ce. Hukuma ba ta amince da ita don jarirai ba, amma tana buɗe jijiyoyin, shi ya sa suke bayarwa. Ya nuna min yadda zan narka ta da awon da zan ba ta.

Da wadda muka zo da ita ta ƙare, sai rigima. Maigidana malamin Islamiyya ne, ya ce shi kam ba zai tsaya gaban mai kemis ɗin unguwarmu ya ambaci wannan abu ba, a jira ya je Kabo inda ba a san shi sosai ba. Kabo! Raina ya ɓaci. Na ce yarinya na neman numfashi, shi yana neman inda ba a san fuskarsa ba. Na ɗauki hijabi, na ajiye, na sake ɗauka.

Ashe surukina Baba Malam, limamin unguwa, yana ji daga zaure. Ya yi gyaran murya, ya ce a miƙo masa takardar. Ya fita da sandarsa da hantsi, kemis cike da mutane, ya dawo da kwalin a hannu, ko leda bai nema ba.

Kafin la'asar magana ta zaga, wai Liman ya koma saurayi. Kunya da haushi suka ishe ni. Daga bayan labule na ce, "Baba, a bar ni in gaya musu na jikarka ne."

Ya ce, "A'a. A garin nan za ta girma, kada su laƙaba mata suna. Ni na riga na tsufa da nawa."

Shi ya riƙa sayowa har likita ya ce a daina. Yanzu yarinyar da gudu take zuwa makaranta, sai na yi ta kiranta ta tsaya ta sa takalmi. Baba Malam ya rasu, amma har yau in an ambace shi a gidan biki akwai masu ƙunshe dariya. Maganar takan zo min har baki, sai in haɗiye ta in tashi.