Mayen Littafi da Mayen Bakin Mutane

Ina aji biyar a sakandaren 'yan mata a Daura wani littafin Turanci ya shigo ɗakin kwananmu ya hana kowa sakat. Bangonsa ya yage har an ɗinke shi da zaren kitso, kuma layi ake bi: kwana biyu kacal, ki miƙa wa ta gaba. Labarin wata yarinya ne da ta kamu da son wani saurayi wanda ba ya tsufa, abincinsa jinin mutane. Yana sonta, amma kullum fama yake da kansa kada ya hallaka ta. Mu kuwa gani muke duk duniya babu soyayyar da ta kai wannan. Layi ya faɗo kaina ranar da za a tafi hutu, sai na cusa shi a akwati na tafi da shi ƙauyenmu, kusa da Dutsi.

Kakata ta wajen uba a lokacin idonta ya fara rauni, amma kunnenta ras. Da la'asar mukan zauna ƙofar ɗakinta muna ɓare gyaɗa, yaran unguwa kewaye da ita, domin kwanonta ba ya rabo da ƙuli-ƙuli. Ran nan ta lura hannuna ɗaya ne ke aiki.

"Ke 'yar boko, me ke cikin takardar nan da ya fi gyaɗata?"

Na fara ba ta labari. Da na zo kan saurayin na rasa me zan kira shi da Hausa, sai na ce maye ne.

Hannunta ya tsaya cak. "Wa ya ce maye ne?"

"Shi da bakinsa ya gaya mata."

"To, wannan da sauƙi," ta ce, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Daga ranar kullum sai ta ce in ɗora. Tana ji tana tsaki, wai yarinyar ba ta da mafaɗi. Amma tambayoyinta ne suka riƙa ƙular da ni. Mutanen garin suna sayen abu a hannun danginsa? Ana zuwa musu barka da gaisuwa? Ni ina ta kan soyayya, ita tana ta kan kasuwa. Na ɗauka tsufa ne kawai.

Bayan na gama kwaleji na fara koyarwa a firamare, na haɗu da wani malamin lissafi daga wajen garin Babban Mutum. Mutum ne mai sanyin magana, ni kuwa bakina ba ya shiru, sai muka dace. Da magana ta kai ga manya, Baffa, ƙanin mahaifina, ya hau babur ya tafi bincike. Ya dawo ya ce yaro ba shi da aibu, yana salla, ba ya shaye-shaye, sai dai an raɗa masa cewa kakarsa ta wajen uwa mayya ce.

A wajenmu wannan kalma kaɗai ta isa ta kashe aure, domin cewa ake a nono ake shan maita. Mahaifina ya yi karatun addini, ya san camfi ne, amma ya ce ba zai iya da bakin mutane ba. Na yi kuka har na gaji. Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne, da malamin ya sake zuwa zance, na kasa haɗa ido da shi. Ni da na yi ta tafa wa yarinyar cikin littafi, raɗa ɗaya ta sa gabana faɗuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zauna a tsakar gida, mahaifina da Baffa da gwaggona, don a yanke yadda za a ba mutanen haƙuri. Ina cikin ɗaki ina ji. Sai ga ƙarar sandar Kaka.

"Kun gama? To ku ji nawa. Ina yarinya aka fito da uwata gaban jama'a, wai ta kama kurwar wani yaro mai zazzaɓi. Aka sa ta tsallake shi sau uku. Da a ce ya mutu, da sun ce ta cinye shi. Ya warke, suka ce ta sake shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen furarta. Ubanku ya san duk wannan ya aure ni, ya kawo ni nan inda ba a san ni ba, ya koma ga Allah bai gaya wa kowa ba. Nonona kuka sha ku ukun nan. Wa kuka taɓa ci?"



"Inna," mahaifina ya ce, "duk shekarun nan..."

"Ba tausayi na zo nema ba. Ka ba yarinya mijinta."

Aka ba ni. Amma katangar gidanmu gajera ce, kafin a ɗaura aure magana ta gama unguwa. Ɗaya bayan ɗaya iyaye suka janye 'ya'yansu daga ƙofar ɗakin Kaka. Ƙuli-ƙuli ya riƙa kwana a kwano. Na ɗaura ɗankwali zan je in wanke wa maƙwabta kai, ta hana ni. Ta ce ai ta san haka za a yi tun kafin ta ɗauki sandarta. A nan na gane tambayoyin da take yi mini a kan gyaɗa. Rufin asirin da ta rayu a cikinsa tun tana amarya ta cire ta miƙa mini, ba tare da na roƙa ba.

Da na zo gida haihuwar fari, mata suka cika tsakar gida 'yan barka. Kowa ya ɗauki jaririya, ban da Kaka. Ta ƙi fitowa daga ɗakinta don kada hankalin wata ya tashi. Ni kuwa an san mai haihuwar fari da kawaici, ko kallon abin da ta haifa ba ta yi a gaban mutane. Na ajiye kawaicin nan gefe. Na karɓi 'yata daga hannun gwaggo, na ratsa tsakiyar matan suna kallona, na shiga na ɗora ta a cinyar Kaka.

"Ke marar kunya," ta ce, "ba kya tsoron in cinye ta?"

"Taki ce, Kaka. Sunanki ma za a sa mata."

Ta shafa fuskar jaririyar da yatsunta, tun daga goshi har haɓa. 

Allah ya yi mata rasuwa yarinyar na rarrafe. Littafin ban san a hannun wa ya ƙare ba, kuma ban nema ba. Yau 'yata tana aji uku a firamare. Duk sanda na kira ta, sunan Kaka nake ɗagawa da ƙarfi, yadda za a ji har bayan katanga. Allah ya jiƙan ki, Kaka. Na gode.