Bajimin da Na Hana a Yanka

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin dabbobi a ƙasar Daura, kuma ban taɓa yarda cewa wanda ya ajiye aiki ya ajiye saninsa ba. Saboda haka da wasu mutanen garinmu suka kafa ƙungiyar sa-kai domin ceto dabbobi idan an yi ambaliya, da ƙafata na je na ba da sunana. Suka yi ta kallon furfurata. Na ce musu ƙarfin damtse nasu ne, amma sanin cikin dabba nawa ne.

Al'adar ƙauyukanmu ce a ɗaure dabbobi a turke da damina, don kada su yi ɓarna a gonakin mutane. Ranar da ruwa ya wuce kima kuwa, igiyar da ta kare gero ita ke halaka akuya, domin ba ta da hanyar gudu. Yawancin aikinmu ke nan: mu kwance masu sauran numfashi, mu janye matattu nesa da rijiya.

A daminar da nake son ba da labarinta, an kira mu wani ƙauye a hanyar Zango. Mun isa da hantsi. Katangun ƙasa sun zube, rumbuna sun kife, mata suna shanya jiƙaƙƙiyar dawa a kan tabarmi. A bayan gari akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, kuma a bakinsa muka tarar da wani farin bajimi ya nutse cikin taɓo har ƙirji. Ya tumɓuke turkensa ya gudu, sai ƙasa ta riƙe shi. Mai shi wani dattijo ne sa'ana, manomi, wanda shanun huɗa biyu ne duk abin da ya mallaka. Ɗayan ya tsira, yana ɗaure a gindin wata gawo.

Na tarar mutanen gari sun ɗaura igiya a ƙahonninsa suna ja. Na daka musu tsawa, domin haka ake karya wuyan sa. Na sa aka shimfiɗa karan dawa da tsofaffin ƙyamare a kan taɓon, aka haƙe gefen ƙafafunsa da hannu, muka zura buhuna ta ƙarƙashin ƙirjinsa da cikinsa. Rana ta take tsaka kafin muka fito da shi. Har yau ina cewa an yi wannan aiki yadda aka koya mana, ba kuskure ko ɗaya.

Amma bajimin bai tashi ba. Ya kwanta ta gefe yana nishi, cikinsa ya fara kumbura. Na sa aka jingina shi da buhunan ƙasa ya zauna a kan ƙirjinsa, aka wanke shi, aka lulluɓe shi da bargo. Na yi masa allura.

A nan sarkin fawan ƙauyen ya matso. Gajere ne, mai fara'a, ya daɗe a tsugune yana kallonmu da wuƙarsa a kube. Ya ɗaga fatar idon bajimin, ya taɓa kunnensa.

"Ranka ya daɗe, wannan fa ya kama hanya. A bar ni in sa masa wuƙa tun yana halal."

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Dabbar da aka yanka da sauran rai nama ce. Mahauta za su ɗauka, mai ita ya samu abin da zai nemi ɗan maraƙi ya fara horarwa. Wadda ta mutu da kanta mushe ce, sai rami.

"Sarkin Fawa," na ce, "kai ko saniya ta yi atishawa gani kake ta kama hanya."

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi.

"Haka ne, Likita. Amma ku kuna ganinsu ranar da suke ciwo, mu kuwa ranar da suke tafiya muke ganinsu. Taɓa kunnen nan ka ji, ƙanƙara."

Na taɓa. Da sanyi. Na san abin da sanyin kunne yake nufi, na koya wa wasu ma. Sai dai na riga na sha wahalar rabin yini a cikin taɓo, gari duka yana kallo, kuma ban ga yadda za a ce abin da na ceto da safe an rataye shi a kasuwa da yamma ba.

Dattijon ya dube ni. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, kai ne masani. In ka ce zai tashi, na bari. In ka ce a yanka, a yanka."

Na ce masa zai tashi kafin la'asar, in Allah ya yarda. Na faɗi haka da irin muryar da nake ba da umarni a zamanin aiki.

Sarkin fawa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "To, Allah ya ba mu kunya," in ji shi.

Aka kira azahar. Muka tafi masallaci dukanmu, har da mai wuƙar, domin na ce ba a bukatar ya tsaya. Da muka dawo, bajimin ya zame daga jikin buhunan, wuyansa a miƙe, ƙudaje sun cika idonsa.

Da sarkin fawa ya yi mini ba'a da na ji sauƙi, amma sai ya sunkuyar da kai ya karɓi shebur. Mu da muka fito da bajimin daga ƙasa mu muka haƙa masa rami. Dattijon ya kwance igiyar hancinsa, ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihu. Da za mu shiga mota ya biyo ni, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, an gode da wahala. Kwanansa ne ya ƙare."

Na so in ce masa kwana ya ƙare, amma wuƙa ni na hana. Sai na shiga mota.

Da damina ta zagayo na bi ta hanyar a motar haya. Sa ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai, kuma an gaya mini dattijon ya sayar da ɗayan ya gyara ɗakinsa da ya rushe. Na hango shi a gonarsa ta bakin titi, a duƙe, yana huɗa da garmar hannu, kunya biyu ko uku a bayansa, sauran filin duk ciyawa. Direba ya ga ina leƙe, ya tambaye ni ko zan sauka. Na ce masa a'a, mu je.