Ranar da Aka Cire Mini Ƙarfe a Daura

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu na gefen Kongolam, ni da ƙanena. Wata huɗu ke nan da wani bijimi ya take mini ƙafa a karar Mai'adua, kasuwar dabbobi, har ƙashi ya fito. Likitocin Daura suka kafa mini ƙarfe ta waje, suka ce in komo a duba ko zai ciru. Ga damina ta matso, ni kuwa ba ni da mai yi mini noma.

Mai ƙarfe a ƙafa ba ya hawa babur, sai muka samu a-kori-kura, na miƙe a bisa buhunan gero. A Mai'adua muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan nan sun rame sun fi ni, kuɗinsu ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan kwalta ce lafiyayya. Dama da hagu mutane na sharar gona, amalanke na kai taki, ni ina kallo raina na sosuwa.

A asibiti na tarar da layin masu karaya, yawancinsu babur ne ya kawo su. Wuri tsaf, ma'aikata sai kai da kawowa suke. Ashe baƙi ne suka zo daga Katsina, su ga yadda ake aiki da abin da gwamnatin jiha ke warewa don waɗanda suka yi haɗari. Wata Hajiya mai tabarau ke bin mu ɗaya-ɗaya da littafi. Duk wanda ta tambaya sai ya ce, "Sai godiya, ranki ya daɗe." Har na kusa da ni, wanda tun safe yake cika mini kunne da yadda ya yini a bakin titi ba mai ɗauka.

Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, don Allah ka kama bakinka. Ƙafarka a hannunsu take."

Ta iso kaina. "Malam, ranar da ka ji rauni, da me aka kawo ka?"

Na ce, "Da motar shanu, Hajiya, cikin kashinsu. Motar ɗaukar majinyata da aka ba yankinmu tana nan gindin darbejiya, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. A nan an yi mini aiki kafin a tambaye ni ko sisi, rubuta wannan. Jinin da na zubar a hanya ma rubuta shi."

Sai da na rufe baki na ga likitana tsaye a bayanta. Hajiya ta rubuta, ta tambayi inda motar take. Na kusa da ni ma sai ga shi ya tuna da nasa ƙorafin.

Bayan an ɗauki hoton ƙafar, likita ya ɗaga shi ta taga ya ƙura masa ido. Na ce a raina shi ke nan, bakina ya ja mini, bana ba ni ba gona.

"Malam, kai ne mai kaji?"

"Ni ne, likita."

Ya yi dariya. "Mu mun faɗa har mun gaji, ana cewa ƙorafin ma'aikata ne. Ƙashinka ya haɗe. Hau gado."

Cire ƙarfen nan da zafi, ba zan ɓoye ba, na kira sunan Allah da ƙarfi. Ya ce in riƙe sanda mako uku, shuka zan iya, huɗa kuwa in bi a hankali.

Muka sha fura mai sanyi a bakin tasha, muka kamo hanya. La'asar sakaliya na shiga gida da ƙafata, ba a kafaɗar kowa ba.

Ko za a gyara motar nan, Allah masani. Abin da na koyo dai shi ne, mun saba in babba ya tambaye mu mu ce lafiya lau, shi kuma ya rubuta lafiya lau ya tafi abinsa. Godiya ta Allah ce, na yi ta. Amma wanda ya taso tun daga Katsina da littafi, ba gaisuwa ya zo karɓa ba.