Jar Rigar Amaq Jumenah

Ni ce mai ƙirga kawuna a Lungun Akuya, wani ɗan lungun teku da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Duk kwale-kwalen da zai tashi daga bakin yashi sai na ƙirga baƙin da ke ciki, na ƙirga tabaran ruwa da bututun numfashi da rigunan ceto, in ya dawo kuma in sake. Kwale-kwale goma sha ɗaya gare mu, tabarau tamanin da bakwai, uku suna yoyo. Mijina Mahsun yakan ce ranar da ya mutu ma sai na ƙirga masu ɗaukar makara kafin in fara kuka. Sharri ne. Zan iya haɗa biyun.

Duk wannan kaya namu kuwa a wuyan mutum ɗaya ya rataya, wato Amaq Jumenah, baban Jumenah ke nan, mai kiran kifi. A nan tsibirin Lombok da sunan ɗan fari ake kiran mutum, shi kuma Jumenah ce ta farinsa, ita ce kuma ta ƙarshe.

Da can masunci ne. Bayan rasuwar matarsa sai ya riƙa zama a bakin lungun da safe yana watsa wa kifi ragowar shinkafa, don dai ya samu abokan zama. Da baƙi suka fara zuwa kallon kifi, sai ya koma jiƙa burodi a gorar roba, ya huda murfin. Zai shiga ruwa a hankali da takalmin agwagwa ƙafa ɗaya, ɗayan tuni teku ta ci, sanye da wata jar riga da ta sha faci har ba a san asalin ƙyallen ba. Sai ya ƙwanƙwasa gorar da zobensa, ya matsa ta. Kafin ka ce me, kifi sun rufe shi: masu ratsin baƙi da fari, masu ruwan ɗorawa, da koraye masu bakin aku. Baƙi su kife a kan ruwa kewaye da shi kamar kwaɗi, suna ihu ta cikin bututu.

Wannan ihun ne abincinmu. Shi ne kuɗin makarantar 'ya'yan gida goma sha ɗaya.

Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi mun gwada kiran kifin da kanmu. Mahsun ya shiga da gora, ƙanensa ya shiga, har limami ya yi mana addu'a. Kifi goma sha huɗu na ƙirga, su ma daga nesa suke hararmu. Washegari rabin baƙinmu suka koma lungun da ke bayan dutse. Daga nan magana ta zauna: kifin Lungun Akuya mutum ɗaya suka sani. Shi ma ya yarda, har yana ɗan ji da kansa.

Tun daga lokacin bai sake haye tudun da ke bayan ƙauye ba. A yashi yake salla, a tsaye yake shan kofi. Da Jumenah ta auri wani mai noman masara aka kai ta tsibirin Sumbawa, ya sa hula zai bi 'yan rakiya, sai masu kwale-kwale suka taru a ƙofarsa. Babu wanda ya ce kada ya je. Tsayawa kawai suka yi, kowa yana kallon ƙasa, ɗaya ya ce motoci biyu na baƙi suna hanya. Ya cire hular ya rataye.

Ana nan, a tsakiyar kakar baƙi, Jumenah ta haihu. Ni ce mai waya mai kyau, don haka ni ta kira, na gangara na miƙa masa yana ɗigar ruwa.

"Baba, mace ce," in ji ta. "An hura wutar."

Wutar ɓawon kwakwa take nufi, wadda ake hurawa a gidan mai jego. Ba a kashe ta sai ranar da cibiya ta faɗi, ranar ce ake gitta jariri a kan hayaƙin a raɗa masa suna.

"Kai nake so ka riƙe ta a kan hayaƙin. Inna ba ta nan. Ba ka zo biki ba, ban ce komai ba. Wannan kam ka zo."

"Zan duba, 'yata."

"Me za ka duba? Kifi?"

Ya miƙo mini wayar, ya koma ruwa, don kwale-kwale na huɗu ya riga ya sauke mutum tara.

Ni komai ina iya ƙirga shi, amma cibiyar jariri ba ta da lissafi. Ranar da ta ga dama take faɗuwa. Na zaunar da Mahsun na ce sai mun nemo dabara.

"Wace dabara, Sumi? In je in roƙi kifin su ba shi hutu?"

"Ai da ka fi amfani."

"Ke da kike ƙirga komai, ƙirga mini bakunan da za su kwana da yunwa in ya tafi."

"Sittin da uku. Ka zaci ban ƙirga ba?"

Tsohon kuwa ya daina cin abinci sosai. In ya fito daga ruwa sai ya tsaya yana kallon gabas, inda babu abin gani sai dutse. Masu kwale-kwale suka fara kawo masa soyayyar ayaba da taba, suna yi masa barka da jika, babu mai tambayar yaushe zai tafi. Lungun nan dutse ne dama, dutse ne hagu, tudu a baya, ga mu kuma a tsakiya da murmushinmu.

Rashin natsuwarsa ne ya buɗe mana ƙofa. Kullum in zai yi azahar yakan fito da rigarsa ya matse ya shanya a kan yashi. Ran nan sai ya manta, ya bar ta rataye a sandar gefen kwale-kwalenmu. Iska ta ture ta, rabinta ya nutse. Ina cikin jirgin ina wanke bututu sai na ga ruwan ƙarƙashina ya yi duhu. Na leƙa. Kifi ne, sun yi cincirindo a jikin rigar suna tsattsagar ta. Babu burodi, babu zobe, babu Amaq Jumenah. Na ƙirga har ɗari da ashirin na daina.

"Mahsun! Zo ka sa rigar nan!"

"Wannan? Ko hannuna ba zai shiga ba."

"Tsuke tumbin! Shekara nawa kana tara shi, yau ka ɗan ba shi hutu."

Ta shiga da ƙyar, cibiyarsa a waje. Ya faɗa ruwa kamar buhun siminti, ya matsa gora ko ƙwanƙwasawa bai yi ba. Kifi suka rufe shi har ba a ganin tumbin. Masu kwale-kwale suka ɗauki shewa, wani yana cewa ashe Mahsun ma waliyyi ne, wani yana cewa a'a, kifin sun zaci saniya ce ta faɗo.

Na juya da murna don in gaya wa tsohon. Yana tsaye a kan yashi da abin sallarsa a kafaɗa, ya riga ya gani.

"Baba, ka samu hanya! Gobe da safe zan kai ka bakin jirgin fito da kaina."

Ya kalli inda kifi suka rufe Mahsun. Can ya ce, "Ashe rigar ce."

"Rigarka ce ai, Baba. Kai ka koya musu ita."

"Lokacin zazzaɓin nan tana jikina a kan gado." Ya gyaɗa kai. "Ashe rigar ce."

Da safe ya fito cikin farar riga da sabon zane da baƙar hula, ya rungume kwali mai busasshen kifi da 'yar munduwar azurfa ta jaririya. Ya hau bayan babur ɗina. Muna isa inda hanya ke bi ta saman lungun sai ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya, Sumi."

"Baba, hanya da nisa, jirgi ba ya jira."

"Tsaya dai."

Ya ajiye kwalin a kan babur ya gangara. Na bi shi ina mita. Kwale-kwale uku sun riga sun sauke mutane, Mahsun yana tsakiya cikin jar riga, baƙi ashirin da shida a kife kewaye da shi suna ihunsu na kullum. Tsohon ya ɗauki gora ɗaya daga cikin bokiti, ya shiga ruwa haka nan da kayansa na tafiya. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Zanen ya taso yana yawo a gefensa. Ya ƙwanƙwasa gorar da zobe. Ya saurara. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya matsa gorar.

Ban iya hana kaina ba, na ƙirga. Biyu ne suka zo. Suka tsinci burodin, suka juya wajen jar riga.

Wata baƙuwa ta ɗago kai ta yi masa alama da hannu ya matsa gefe, yana tare mata hoto.

Ya matsa. Ya fito, ya mayar da gorar cikin bokiti, ya matse bakin zanensa.

"Mu tafi," in ji shi.

Na ba babur wuta yadda ban taɓa ba. Muka haye tudun, muka ratsa gonakin taba da kasuwanni, iska tana busar da shi a bayana. A haka har muka hango jirgin fito ya buɗe baki yana haɗiyar motoci. Gishiri ya yi wa farar rigar zane-zane. Na karkaɗe masa abin da zai karkaɗu, na ɗora masa kwalinsa.

"Ka gaida Jumenah, Baba. Kada ka yi gaggawar dawowa."

"Ki ce wa mijinki ya daina matsa gorar gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake yi, ƙananan ma su samu."

Washegari cibiya ta faɗi. Shi ya riƙe jaririyar a kan hayaƙin, haka Jumenah ta gaya mini. An sa mata Seruni, don haka shi ma sunansa ya sauya, tunda mai jika da sunan jika ake kiransa. Yanzu Papuq Seruni ne, wato kakan Seruni. Yana can tsakiyar gonakin masara, inda ko ƙamshin teku ba ya kaiwa, kuma bai ce ga ranar dawowarsa ba.

Na sayo jajayen riguna huɗu, duk suna aiki. Tsohuwar na wanke na ninke na ajiye masa.

Kullum da safe dai, kafin kwale-kwalen farko ya tashi, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Jumenah ce, amma ba ita ba ce. Ina jin kukan jaririyar kusa da kunnensa. Ba ya tambayar Mahsun, ba ya tambayar baƙi.

"Sumi," zai ce, "sun ci?"