Totuwa a Bakin Bindiga

Duk shekara a farkon watan Nuwamba mutanen ƙasar nan ta Ingila sukan yi ta harba wuta sama don tunawa da wani abu da har yau ban gane kansa ba. Ni ba ƙarar ce ta dame ni ba. Washegari da safe, in na buɗe ƙofa a unguwarmu ta Gorton zan fitar da shara, warin ƙonannen albarushi na nan kwance a kan titi, ya haɗu da danshi. Jikokina su toshe hanci su wuce makaranta. Ni kuwa sai in tsaya da leda a hannu kamar an dasa ni, don warin rigar babana ke nan.

Babana maharbi ne. Ni kuma, don kada ka ɗauke ni wani shehi, aji huɗu na yi a firamare, na ga malaman ba su da sauran abin da za su koya mini, na bar musu makarantarsu. Karatuna na gaskiya a rumfar maƙerin garinmu na yi shi. Da an idar da la'asar maharba za su taru a can, kowa da bindigar tokarsa a kan cinya, karnuka kwance a bakin rumfa suna lallage harshe. Ni da ɗan maƙerin, sa'ana ne, muna karɓa-karɓa a kan zuga-zugi, kunnuwanmu na wajen manya.

Hirar ba ta canjawa. Wane ya ce bindigar da aka yi da bututun famfo ta mata ce, ta gaske sai wadda aka yi da sandar sitiyarin babbar mota. Wani ya ce albarushinsa ya sha sanyin damina, ya ɗana wa zabo, bindiga ta yi tari kawai, zabon ya juyo ya dube shi. A yi gardama kan kan ashanar da ta fi kama wuta. A koma kan karnuka: wace karya ce ba ta taɓa ɓatar da sawun gada ba, wane kare ne ya ga gyado ya riga ubangidansa isa gida. Maƙeri ba ya sa baki. Yana bugu yana murmushi, don duk bindigogin da ake wa kirarin nan daga hannunsa suka fito. Ta babana ce ya fi ji da ita. Wata guda ya yi a kanta.

Maharba suna da ƙa'idoji biyu da ya kamata ka sani. Ta farko, da yatsa ake auna ɗuri. Ka zuba albarushi, ka tura tsumma, ka zuba harsashi, ka danna da sandar ɗuri, sannan ka dubi abin da ya rage na sandar a waje. Yatsa uku na zomo da biri, huɗu na babban nama. Wannan na san ta tun ina ɗan shekara bakwai, har ina koya wa wasu da karan dawa. Ta biyu, bindigar da ke da ɗuri a ciki akan toshe bakinta da totuwar masara, don duk wanda ya gani ya san tana da ciki. Wannan ba wanda ya taɓa faɗa mini, don kowa ya ɗauka kowa ya sani. Ni a ilimina mai zurfi, na ɗauka saboda zanzaro ake sawa, kada ya shiga ya yi gini.

Shekarar da nake tara, ƙarshen damina, masara ta nuna, birai suka addabi gonarmu. Ran wata Juma'a babana ya tafi masallaci, bindiga na jingine a kusurwar ɗakinsa da totuwa a baki. Na ce bari in rage masa aiki, ya dawo ya tarar da ita a shirye, ya faɗa a rumfa cewa ɗansa ya isa. Na cire totuwa, na zuba, na danna. Na ga sandar ta tsaya da tsawo fiye da yadda na saba gani, sai na ce yatsuna ne ƙanana. Na mayar da totuwa na fita wasa.

Bai ko tuɓe rigar masallaci ba aka aiko cewa birai sun shiga gona. Ya suri bindiga ya fita. Bai auna ba, don shi ya ɗura ta da hannunsa jiya. Daga gida muka ji ƙarar, ba irin wadda muka saba ji ba. Karyarsa ce ta fara isowa, tana shiga tsakar gida tana fita, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Can aka shigo da shi, an naɗe hannunsa na hagu da rawani. Bindigar ce ta fashe, babban yatsa da biyu na kusa da shi sun tafi.

Da yamma innata ta kama ni a bayan rumbu, ta dubi baƙin albarushin da ke gaban rigata, ta sunsuna. Ta tuɓe mini rigar ta wanke da kanta, ta shanya a cikin ɗaki. Har ta koma ga Allah ba ta ce mini komai a kan ranar ba, ni ma ban ce mata ba.

Dattawa suka zauna. Kowa ya san babana ba ya wuce yatsa uku a kan biri, saboda haka laifi na ƙarfe ne. Maƙeri ya ce, "Ku ba ni guntun in duba." Suka ba shi, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce aikinsa bai saki ba. Suka ce ai dama me zai ce. Mai gari ya hana shi ƙera bindiga. Daga nan mutane suka fara kai ko fartanya ce garin gaba. Rumfa ta watse, aka koma hira gindin tsamiyar kasuwa. Kafin wata damina maƙeri ya ɗora uwar maƙerarsa a jaki ya tafi birni da iyalinsa, inda ya ƙare rayuwarsa yana liƙin bokiti. Ranar tafiyarsu ɗansa ya ba ni gwafar harbin tsuntsunsa, na karɓa har da godiya.

Ban sake ganin ɗan maƙerin ba sai bayan shekara hamsin da wani abu, a wajen wani suna a unguwar Rusholme, nan Ingila. 'Yata likita ce, ita ta kawo ni ƙasar nan saboda ciwon gwiwa, gwiwa ta ƙi warkewa, ni kuma na ƙi komawa. Shi tun yana saurayi ya zo ta hanyar aikin jirgin ƙasa, ya ƙare a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, ya yi ritaya a wani ɗan flat a unguwar Lozells da ke can. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan maharbi, har yanzu ba ka iya zuga ba?" Na ce, "Ɗan maƙeri, har yanzu kuna ƙera abin kashe mai shi?" Muka yi dariya har da hawaye. Ka ji abin da bakina ya fara faɗa masa bayan shekara hamsin. Haka Allah ya yi ni, in maganar gaske ta taso mini sai ta fito da rigar wasa.

A Gorton akwai wani centre, zauren taro na ƙaramar hukuma, inda tsofaffi kan taru ran Laraba, a sha shayi, a ji ɗumin hita kyauta. Nan na haɗu da wani Bature, tsohon soja, mai wani tsohon kare da ya fi ni gata: yana da likitansa, yana da rigar sanyi, yana kwana a gado. Baturen yana da lasin na tsohuwar bindiga irin ta ɗuri ta baki, yakan je wani kulob a bayan gari ya harbi takarda. Takarda, malam. Na ce masa a garinmu wanda ya ɓata albarushi a kan takarda ruƙiyya za a yi masa. Da ɗan maƙeri ya ji labari sai ya riƙa hawo coach, motar safa ta nan, sau ɗaya a wata. Mu uku a gaban talabijin muna kallon tsofaffin finafinan kaboyi, muna ƙirga harbi. Bindiga mai cin shida ta yi goma sha ɗaya ba a sake ɗuri ba, Bature ya buga sanda a ƙasa ya ce ƙarya ne. Daga nan a shiga man goge bindiga, a shiga karen da ya fi hanci, a shiga ko kyanwa tana da amfani a duniya. Ran da ba Laraba ba, ƙarfe biyu ɗan maƙeri zai kira ni a waya, kowa da talabijin ɗinsa, mu ci gaba da ƙirga.

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka rufe laburaren unguwa, aka rage bas, ganin likitan unguwa ya koma sai wanda ya yi sa'a. Wata Laraba muka tarar da takarda a ƙofa, wai saboda cuts, wato rage kashe kuɗi, za a rufe centre ƙarshen wata. An rubuta cewa suna baƙin ciki. Ban ga mai baƙin cikin ba, takardar kawai na gani.

Ranar ƙarshe ɗan maƙeri ya zo da wani abu naɗe a tsohon tawul. Ya ajiye a tebur tsakanin kofunan shayi ya warware. Guntun bindigar babana ne, tsawon tafin hannu biyu, ya yi baƙi, gefensa a yage. Ashe ubansa ya ajiye shi har mutuwa, ya bar masa. Ya ce da Bature, "Kai ka san irin waɗannan. Duba mini, ka faɗi gaskiya, ba na son ladabi."

Bature ya sa tabarau, ya kai shi bakin taga. Ya nuna toshiyar gindin bututun ya ce tana nan daram, ko motsi ba ta yi ba. Ya nuna inda ƙarfen ya kumbura kafin ya yage, can sama da wurin zaman ɗuri. Ya ce wanda ya yi wannan aikin ya san ƙarfe. Ya ce, "Ɗuri biyu aka yi mata, ɗaya a kan ɗaya."

Ɗan maƙeri ya zauna a hankali. Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Allahu akbar. Baba ya faɗa." Sai ya juyo gare ni, fuskarsa kamar ta yaro ranar salla. "Ka ji ko? Tsohonka ne ya manta ya ɗura sau biyu. Allah ya jiƙansa, amma shi ne."

Na ce, "Ba shi ba ne. Ni ne."

Ya kwashe da dariya. Ya fassara wa Bature, shi ma ya yi dariya, ya ce ɗa nagari ke nan. Na ce wallahi ni ne, na ba su labarin Juma'a da totuwa da zanzaro. Da na zo kan zanzaro sai dariyar ta ƙaru, ɗan maƙeri yana dukan tebur yana cewa, "Wannan mutum, ko a kabari sai ya ba mala'iku dariya." Shekara saba'in ina shirga wa mutane ƙarya da fuskar liman suna jin daɗi. Ranar da na zo da gaskiya, fuskar dai ita ce, ba ni da wata.

Na raka shi tashar coach. Muna zaune a benci, tawul ɗin a cinyarsa, na ce, "Mutumina, dube ni. Ba wasa nake ba."

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon allon lokutan mota. Can ya ce, "Babana ya mutu da warin dalma a hannunsa, yara suna kiransa mai bokiti. Innata ta sayar da ƙosai a bakin tasha har idonta ya mutu. In tsohonka ne, mantuwa ce, ya biya da yatsunsa, na yafe. In kai ne, ka zauna kana kallo muka ɗora kaya a jaki." Ya gyara tawul. "Matata ta rasu, yarana Turanci suke yi mini. Kai kaɗai ka rage da ka san rumfar nan. In na yarda kai ne, ƙarfe biyu wa zan kira? Bar shi a kan mamaci."

Motarsa ta zo, ya hau, ya ɗaga mini hannu ta taga.

Ya kira 'yan'uwansa a gida ya shaida musu cewa wani masanin bindiga a Ingila ya wanke ubansu. Labari ya isa garinmu. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, wai ana cewa Baba ne ya cuci maƙeri, ya bari aka kore shi alhali ya san shi ya yi ɗuri biyu. Na ce mata ni ne. Ta ce, "Yaya, don Allah wannan ba lokacin wasa ba ne."

Yanzu an buga katako a tagogin centre, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Karen Bature ya mutu, tun daga nan bai cika fitowa ba. A garinmu na da, da dattawa za a tara, in tsaya a gabansu in faɗa, a zage ni, a ci ni tara, a aika wa zuriyar maƙeri da ban haƙuri, magana ta mutu. Dattawan sun ƙare. Mu ne dattawan yanzu, mu biyu, ɗaya a Gorton ɗaya a Lozells, kuma ɗayan ya ce ba zai ji ƙarar ba. Na cire wa babana yatsu uku ina yaro, na zo da furfura na sa an cire masa mutunci, duk ba tare da na taɓa riƙe bindiga na harbi ko ƙadangare ba. Ka ga maharbi.

Ƙarfe biyu saura kaɗan. Zai kira, ya ce, "Ɗan mai ɗuri biyu, kunna, sun fara." Ni kuma zan yi dariya yadda yake so, in kunna.